Musayar Waƙa Kan Mai Lamba 42

Dattijon Zaure:
Jama'a, yau 15 ga Afrilu, ranar da 'yan wasan besbol a Amurka ke sa lamba 42, lambar rigar Jackie Robinson, don tunawa da shi. Ga buɗi, ƙwar biyu, amsa-amo "ba".

Ku ba ni kunne in wasa Jackie Robinson,
Mai haƙurin da ban ga kamarsa ba.
A Jojiya aka haife shi, 1919,
Uba ya gudu, uwa ba ta yar da 'ya'ya ba.
Su biyar ta kwasa zuwa Kalifoniya,
Aikatau ta yi, ba ta sake su ba.
A 1947 ƙungiyar Dodgers suka sa shi fili,
Gasar da ta shekara sittin ba ta ga baƙar fata ba.
An zage shi, an auna shi da ƙwallo,
An taka shi da ƙusar takalmi, bai rama ba.

'Yar Auta:
Baba, gafara dai, da saura.

Ka ɗauki zaki ka sa masa fatar rago,
Hoton nan naka bai cika ba.
A 1944, yana hafsan soja a Teksas,
Direban bas ya ce "koma baya", bai koma ba.
Suka maka shi gaban kotun soja,
Ba ta same shi da laifi ba.
Branch Rickey, shugaban Dodgers, ya san wuta ya ɗauko,
Ya ce a rufe ta da toka, ba a kashe ta ba.
Alkawarin ƙin ramuwa Jackie ya riƙe da haƙoransa,
Shirun nan ba halinsa ba ne, Baba.

Mai Gora:
Ku biyun nan kun manta mutumin ɗan wasa ne!

Yaya, ke da Baba kun tsaya wa'azi,
Ba ku ce komai kan gora ba.
A 1949 shi ne gwarzon gasarsu,
Wajen bugu ba a kamo shi ba.
Sai 1955, karon neman kambu da ƙungiyar Yankees,
Yana zango na uku, bai tsaya jira ba.
Mai jifa na ɗaga ƙafa, ya sheƙa gida, wurin cin maki,
Ƙura ta tashi, alƙali bai fitar da shi ba.
Yogi Berra, mai cafe ƙwallon Yankees, ya yi tsalle yana kumfar baki,
Har ya bar duniya bai yarda ba.

Dattijon Zaure:
Auta, na sara miki, kin gyara tsoho,
Ban auna nauyin shirun nan ba.

'Yar Auta:
To ga awon, Baba.

Furfura ta rufe shi tun da sauran ƙarfi,
Ciwon suga bai bar masa ido ba.
Oktoba 1972, a filin Sinsinati,
Aka karrama shi, bai tsaya a godiya ba.
Ya ce yana so ya ga baƙar fata na jan ƙungiya a matsayin koci,
Bayan kwana tara ya rasu, bai gani ba.
Shekara 53. Sai 1975 Frank ya fara jan ƙungiya,
Shi ma Robinson, amma ba jininsa ba.

Mai Gora:
Wa ke da baitin matarsa Rachel? Ni numfashina ya ƙare.