Kwando ko kiret: wanne ya fi wajen kai tumatir Legas?

Ɗan Kadawa:
Assalamu alaikum yan uwa. Don Allah ina neman shawarar waɗanda suka san harkar. Ni manomin rani ne a wajajen Kadawa, tumatir da ɗan tattasai nake yi, a Kwanar Gafan muke lodi zuwa kasuwar Mile 12 ta Legas. Bara na ga asarar da har yanzu idan na tuna sai gabana ya faɗi, mota ta lalace bayan Jebba ta kwana a hanya, da aka sauke kaya kwandunan ƙasa duk sun zama ruwa, kana ɗaga kwando yana tsiyaya, dillali ya ce sai dai a sayar a kuɗin fasasshe, wanda Yarbawa suke kira esha. To bana wani ƙanina da ya yi karatun gona ya matsa min lallai in koma kiret ɗin roba. Ni kuma abin da yake damuna biyu ne, na farko tsada, na biyu kullum ana cewa roba ita ke kashe ƙasa, shi kuwa kwando ai daga itace aka saƙa shi, idan ya gama aiki ruɓewa zai yi ya koma taki. Yanzu ina zan sa kaina?

Direban Tirela:
Wa alaikumus salam. Malam ni ba manomi ba ne amma na ɗauki duka biyun, kuma abin da idona ya gani zan faɗa maka. Kwando bakinsa faɗi gindinsa tsukakke, kuma ku manoma sai kun yi masa tozo kafin ku rufe da takarda ku ɗaure, to duk wanda aka ɗora a sama a kan tumatir ɗin yake zaune ba a kan kwandon ba, ga tsinkayen ciki suna huda fata duk ramin da muka faɗa, tafiyar kusan kilomita 1,000 fa. Shi kiret kusurwa ke hawa kan kusurwa, nauyin yana bin robar ya sauka ƙasa, tumatir ɗin yana zaune abinsa iska tana shiga ta ramukan. Kilo 25 yake ɗauka, yaro ɗaya ma ya ɗauke shi, ba sai an jefa ba kamar yadda yan dako suke wa babban kwando. Amma fa kar in ɓoye maka, matsalar tana wajen dawowa. Kwando idan an sayar an sayar har da shi, kiret kuwa sai an tattaro an dawo da shi Kano, kuma ba direban da zai ɗauko maka fanko kyauta alhali ga lodin da zai biya shi.

Maman Yara Biyu:
Yaya Ɗan Kadawa, a kan batun roba da ka kawo nake so in ce wani abu, don ni abin ya taɓa ni kai tsaye. Tunkiyata ta yi ta ramewa tana ci ba ta ƙiba, da aka yanka sai ga curin leda a tumbinta an murɗe kamar igiya, wallahi sai da na yi hawaye. Saboda haka ba na son leda ko kaɗan. Amma kiret ai ba leda ba ne yaya. Leda sau ɗaya ake amfani da ita a yar ta toshe kwata, shi ya sa Ruwanda suka hana ta tun 2008, Kenya a 2017, Legas ma ta hana robar takeaway ɗin nan mai kumfa a farkon 2024. Kiret kuwa shekaru yake yi ana wankewa ana sake zubawa, idan ya fashe ma yan gwangwan suna saye a narka. Kwando nawa za ka saya a cikin waɗannan shekarun?

Kuma ka duba tumatir ɗin da ya ruɓe a hanya, ruwan dam ɗin Tiga ne aka ba shi, ga taki, ga maganin feshi, ga fetur ɗin injin ban ruwa, ga gas ɗin motar da ta ɗauko shi, duk an zubar a bola a Ketu, wajen kasuwar Mile 12. Wannan ma ɓarnar ƙasa ce, kawai dai ba a ganinta kamar yadda ake ganin leda a kan bishiya.

Baban Goro:
Ni dai kar a raina kayan da. Goro har gobe a ganye muke naɗe shi a huhu, ana yayyafa ruwa ana canja ganye, yana watanni, sa shi a leda ka ga yadda zai yi gumi ya lalace. Haka albasa, yan Aliero da yan Galmi za su gaya maka buhun da ba ya shan iska dafa ta yake yi. Kowane kaya da mazubinsa. Sannan masu saƙar kwandon nan su ma da shi suke ci da iyali, a tuna da su. Idan kasuwar kusa ce irin Yankaba ko Zariya ni ban ga laifin ƙaramin kwando ba, in dai ba a yi masa tozo ba kuma an shimfiɗa wani abu a ciki. Legas ce dai na yarda ta fi ƙarfinsa.

Bahaushe a Jamus:
Kawu Baban Goro ya yi gaskiya. Ni abin da zan ƙara, a nan manomi ba ya sayen kiret, haya yake yi. Akwai kamfanoni irin su IFCO, kiret ɗinsu naɗewa yake yi ya kwanta, sai mota ɗaya ta kwashe fankon da ya ci motoci da yawa, su wanke su sake bayarwa. Kwalba ma haka, kana sayen ruwa a gorar roba za a caje ka santi 25, ka dawo da ita inji ya ba ka kuɗinka, shi ya sa da wuya ka ga gora a yashe a titi. Kuma wannan ba baƙon abu ba ne a wajenmu, muna yara idan aka aike ka sayen lemo sai ka ajiye kuɗin kwalba ko ka je da fanko. Ku haɗu ku goma ko ashirin ku saya tare, a rubuta sunan ƙungiya da fenti, dillalin Mile 12 ya ajiye kuɗin jingina a kan kowane kiret kafin a sauke masa.

Ɗan Kadawa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya maganar ruwan Tiga ta shige ni, ban taɓa lissafa asarar ta wannan fuskar ba. Ranar Juma'a bayan masallaci zan tara mutanenmu, ina tunanin mu gwada rabin mota kiret rabi kwando a lodi ɗaya mu ga abin da kowanne zai kawo. Malam direba, idan za a samu wanda yake dawowa Kano da sauran fili a mota, yaya kuke lissafin kuɗin fanko, a kan kowane kiret ne ko a dunƙule?