Ina neman aminina na makaranta, amanarsa tana hannuna

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah ina neman shawararku kan wani abokina da muka yi sakandare ta kwana tare a Bauchi, muka kuma sake haɗuwa a Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa (ATBU), ɗaki ɗaya a Yelwa. Garin kwakinmu ɗaya, kuɗin mota ma aljihu ɗaya ne. Mahaifiyata har yau "ɗana" take ce masa.

Mahaifinsa ma'aikacin gwamnati ne ɗan asalin yankin Gombe. Da aka cire jihar Gombe daga Bauchi a 1996 sai gidansu ya tashi ya koma can. Mu kuma bautar ƙasa ta raba mu, lokacin wayar salula ba ta zo ba tukuna. Kafin ya tafi ya bar mini wata jaka ajiya, da takardun filin gadonsu a ciki da hotunan mahaifiyarsa marigayiya. Wannan ne ke hana ni sakat.

Na bi tsohuwar unguwarsu, mai unguwar da ya san su ya rasu. A Facebook kuwa masu irin sunansa ba sa ƙirguwa, ga shi sunan garinsu ya ɗora a bayan nasa, kamar yadda yawancinmu muka yi a makaranta. 'Yan ajinmu kowa da nasa labari, wani ya ce Kano, wani ya ce Kumo.

To wace ƙofa ta rage? Cigiya a rediyo tana aiki har yanzu? Ko ta fadar hakimin garinsu ya kamata in bi? Malamai kuma, idan ya tabbata ba ya raye, wa zan damƙa wa takardun a cikin magada?