Alewar da muka saya saboda abin da ke cikinta

Mai buɗe zance: Assalamu alaikum. Jama'a, kowa ya kawo abin da ya gani da idonsa game da alewa mai kyauta a ciki ko mai wata dabara, irin wadda yaro ke nacewa sai an saya masa. Me ya ja ku gare ta, kuma me kuke gani a wajen yaran yanzu?

Maman biyu: Wa alaikumussalam. A gidana ƙwan Kinder ne. Ƙaramin da zarar ya karɓa sai ya ɓare ɓangaren abin wasan, ya zauna yana harhaɗa 'yar motar roba, cakulan da ɗan cokalinsa kuwa suna gefe har su narke. Kamfanin Ferrero na Italiya ya fito da Kinder Surprise a 1974, da ƙwanso ruwan ɗorawa a tsakiya kamar gwaiduwa. A Amurka ba a yarda a sayar da shi ba, domin dokar abincinsu ta 1938 ta hana a cusa abin da ba a ci a cikin alewa. Kinder Joy ya samu shiga can ne saboda an raba shi biyu, zaƙi gefe, abin wasa gefe. Don Allah iyaye a riƙa karanta gargaɗin jikin takardar, ƙananan ɓangarorin nan ba na yaron da bai kai shekara 3 ba ne. Na taɓa zaro wata 'yar taya daga bakin jaririyar da aka kawo mana ziyara, hannuna na rawa.

Tsohon malami: Hajiya, Allah Ya kiyaye gaba. Ni cingam mai kati na sani, ina ɗalibi da kuma ina koyarwa. Lokacin tara sai ka ga yara sun yi da'ira, kowa da damin katunan 'yan ƙwallo ɗaure da roba, ana ciniki, uku a bakin ɗaya. Kullum akwai katin da ba ya fitowa, shi ke sa yaro ya ƙarar da kuɗin tararsa, ya tofar da cingam ɗin tun zaƙin bai fita ba. Kamfanin Topps na Amurka ya daɗe yana haɗa kati da cingam, amma a 1992 ya cire cingam ɗin daga fakitinsa, masu tara kati na kukan yana ɓata musu kati. Kun ga abin da aka sa don a sayar da cingam shi ya kori cingam ɗin.

Ɗan autan gida: Malam, ni Pop Rocks ce ba na mantawa. Ka zuba garin a harshe, ka buɗe baki, na kusa da kai ma yana jin ƙarar tas-tas-tas. Iskar gas irin ta lemon kwalba ake matsewa cikin narkakken sukari, idan ya daskare sai ta maƙale a ƙananan kumfa, miyau na narkar da shi kumfar ta fashe. Wani masanin kimiyya ɗan Amurka, William Mitchell, ne ya ƙirƙiro ta, aka fara sayarwa a tsakiyar shekarun 1970. Jita-jitar cewa ciki zai fashe idan aka kora ta da lemo ba gaskiya ba ce, iskar da ke cikin fakiti ɗaya ba ta kai ta kwalba guda ba.

Yayar marayu: Ku yi haƙuri, ni akwai wadda har yau ke ɓata mini rai, wato alewar sigari. Farin sanda ne mai jan baki, a kwalin da aka yi shi sak na taba. Na ga ƙanena, bai fi shekara 6 ba, ya maƙale ta tsakanin yatsu biyu, ya kai baki, ya ɗaga kai yana hura iska, har da kaɗe toka. Ba wanda ya koya masa, siffar abin ce ta nuna masa yadda ake yi. Yarjejeniyar yaƙi da taba ta Hukumar Lafiya ta Duniya, ta 2003, ta ambaci hana yin alewa da kayan wasa masu kama da taba, kuma ina goyon bayan hakan ɗari bisa ɗari.

Maman biyu: Yaya, gaskiyarki. Chile ma a 2016 ta hana sa abin wasa a kayan zaƙi masu yawan sukari, har ƙwan Kinder ɗin dokar ta shafa. Ni ban kai can ba tukuna. Abin da nake yi, ƙwai ɗaya ranar da aka yi hutu, a gabana za a buɗe, ƙananan ɓangarorin kuma su shiga gwangwani mai murfi a saman kabad.