Neman kalma: me za mu kira "virtual machine"?

Malam Nasiru: Salamu alaikum jama'a. Ana shirya jagorar gyaran intanet a manhajar VirtualBox da Hausa, sai aka cije tun a kalmar farko, wato virtual machine, kwamfutar da manhaja irin VirtualBox ke ƙirƙira tana aiki a cikin wata kwamfutar. Wasu sun ce "kwamfutar bogi", wasu "inuwar kwamfuta". Ana kuma neman sunan uku daga cikin hanyoyin haɗin sadarwa da ke cikin saitinta: NAT, Bridged Adapter da Host-only. Masana, bismillah.

Injiniya Hauwa: Wa alaikumus salam, Malam. Bogi dai a jefar da shi. Bogi jabu ne, ita kuwa Windows ko Ubuntu ɗin da ke cikinta na gaske ne, har katin sadarwarta yana da lambar MAC tasa, wato lambar shaidar kati, wadda a VirtualBox take farawa da 08:00:27. Inuwa ma ba ta zauna ba, domin inuwa ba ta yin abin da mai ita bai yi ba. Ni a ganina a ce "baƙuwar kwamfuta", wadda ta ɗauke ta kuma "mai masauki". Sunan da kansa yana koyar da matakin farko: in intanet ya ɗauke wa baƙuwa, a fara duba ko mai masaukin yana da shi.

Abdulƙadir: Na yarda, Injiniya. In haka ne NAT ya zama "da yawun mai masauki". Baƙuwar ba ta bayyana a waje, duk saƙonta da adireshin mai masauki yake fita. A VirtualBox za ta sami 10.0.2.15, ƙofar fitarta 10.0.2.2, mai juya mata suna zuwa lamba, wato DNS, yana 10.0.2.3. Gwajin ma a jere yake. A rubuta `ip a` a Ubuntu ko `ipconfig` a Windows. In adireshi ya fara da 169.254, DHCP, wato mai raba adireshi, bai ba ta komai ba ke nan, sai a leƙa saitin katin a ga ko akwatin Cable Connected yana da alama. In adireshi daidai ne, a gwada ko ana samun amsa: a yi `ping 10.0.2.2`, sannan `ping 8.8.8.8`, sannan `ping google.com`. Inda amsa ta tsaya, nan ciwon yake.

Injiniya Hauwa: Kuma wanda ya fi yawa shi ne na ƙarshen: 8.8.8.8 ya amsa, suna ya ƙi. DNS ne wannan, ba katin ba, kada a ɓata lokaci ana sake direba. Yakan faru in mai masauki ya kunna VPN ko ya tashi daga wannan waifai zuwa wancan alhali baƙuwa tana kunne, ta riƙe tsohon DNS. A kashe ta gaba ɗaya, a rubuta wannan a mai masauki:

`VBoxManage modifyvm "sunanta" --natdnshostresolver1 on`

Daga nan duk sunan da za ta nema, mai masauki zai tambayo mata.

Malam Nasiru: Madalla. Bridged fa? Ai "gada" ne kai tsaye.

Issoufou (Damagaram): Gada ya yi mana daidai a nan Nijar, Malam, don masu VirtualBox na Faransanci "Accès par pont" suke gani, gadar ce dai. Wanda ya karanta "gada" a jagora zai gane abin da zai danna a kowane harshe.

Abdulƙadir: Ɗan'uwa, hujjarka mai ƙarfi ce, amma gada ba ta faɗa wa mai gyara komai. Abin da ke faruwa shi ne baƙuwa ta je wurin rauta da kanta ta karɓi adireshi irin na sauran na'urorin gidan, misali 192.168.1.20, kowa yana ganinta. Ni da "cin gashin kai" na so. Da ka ji sunan ka san mai masauki ba zai rufa mata asiri ba: in rauta ya ƙi ta, ta zauna ba intanet ko da shi yana ta lilo. Haka ake gani a waifai na makarantu da otal-otal masu shafin shiga ko masu tantance MAC. Sannan waifai a asali lambar MAC ɗin da ta yi rajista da shi kawai yake karɓa, dabara VirtualBox ke yi ya fitar da saƙon baƙuwa da lambar mai masauki, kuma ba kowane rauta ke jure wannan ba. Shi ya sa abin da ya ƙi a waifai sau da yawa yakan tashi da an soka wayar sadarwa.

Injiniya Hauwa: Cin gashin kai ya yi tsawo, kuma kunnen mutane siyasa zai ji. A bar gada a matsayin suna, bayaninka ya biyo baya a layi ɗaya. Abin da za a ƙara shi ne gadar tana da bakin da take sauka. A ƙarƙashin Name ana zaɓar katin mai masauki, in aka bar ta a kan katin waya alhali da waifai ake aiki, ba inda za ta kai. VMware, wata manhaja irin VirtualBox, ma haka: gadarsa, VMnet0, yana zaɓar kati da kansa, wani lokaci ya kama na VPN. A buɗe Virtual Network Editor a zaɓa masa da hannu.

Issoufou (Damagaram): Host-only kuma "cikin gida". Adireshinsa 192.168.56 da wani abu, mai masauki yana 192.168.56.1. Wannan ba ya kaiwa ga intanet ko kaɗan, haka aka gina shi, ba lalacewa ba ce. Mai son duka biyun ya sa kati na 1 da yawun mai masauki, na 2 a cikin gida.

Abdulƙadir: To, na sallama gada. Abu biyu kada jagorar ta manta. In an yi kwafin baƙuwa, a sabunta mata MAC, in ba haka ba su biyun za su yi ta ƙwace adireshi ɗaya a kan gada. In kuma an ɗauko Ubuntu Server daga VMware zuwa VirtualBox, sunan katin yakan tashi daga ens33 ya koma enp0s3, fayil ɗin da ke /etc/netplan kuwa yana nan da tsohon suna. A gyara shi, a yi `sudo netplan apply`.

Malam Nasiru: Allah ya saka da alheri. An rubuta: baƙuwar kwamfuta, mai masauki, da yawun mai masauki, gada, cikin gida. Saura Port Forwarding, wanda ake buɗe mashiga mai lamba 2222 a mai masauki ta kai ga 22 ta baƙuwa don SSH, wato shiga kwamfuta daga wata na'urar a ba ta umarni. Injiniya, me kika gani?

Injiniya Hauwa: "Miƙa ƙofa" nake tunani, amma tunda mun riga mun ba 10.0.2.2 sunan ƙofar fita, za a rikice. A ba ni zuwa gobe.