Suga ya taɓa idon Baba, likita ya ce allura da leza: wa ya taɓa yi?

Abban Nana: Assalamu alaikum 'yan uwa. Mahaifinmu ya daɗe da ciwon suga, ga hawan jini. Kwanan nan ya fara ganin wasu baƙaƙen ɗigo suna yawo a idon hagu, rubutun Alƙur'ani ma ya daina fito masa. Likitan ido ya ɗiga masa magani ya leƙa, ya ce sugan ya lalata ƙananan jijiyoyin bayan ido har sun fara zubar da jini. Shawararsa a yi allura a cikin idon, sannan a bi da leza, wato aikin hasken na'ura da ake haskawa a bayan ido. Baba ya ce shi ba mai soka masa allura a ido. Kawunmu kuma ya dage a kai shi Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna a sake dubawa. Wanda ya taɓa jinyar irin wannan, mu yi a nan Kano ko mu jira Kaduna?

Ɗan Kurmi: Wa alaikumus salam. Ku haɗa masa zogale da shuwaka safe da yamma, suga ya sauka ido zai washe.

Maman Ikram: Ɗan Kurmi, ka ji tsoron Allah. Irin wannan maganar ce ta kai Innata ga sanda. Ita ma likita ya ce a yi mata leza, 'yan uwa suka ce ai ƙone ido ake yi. Muka koma jiƙe-jiƙe da tozali. Da ganin ya ƙara dushewa aka kawo wani mai sauke yana na gargajiya, a tsakar gida ya zaunar da ita kan tabarma, ya soka mata tsinken ƙarfe a ido. Kwana uku tana murna wai tana ganin haske, daga nan ido ya kumbura yana ruwa, ba ta barci don azaba. Da muka koma asibiti, likitan ya ce wannan idon ya tafi, ɗayan kuma jini ya riga ya cika shi. Matar da ke zare tsakuwa daga shinkafa ba tabarau, yau jikarta ke riƙe mata hannu zuwa banɗaki. Har gobe ban yafe wa mutumin nan ba.

Hajiyar Gwale: Innalillahi. Allah ya ba Inna lafiya, ya sa kaffara ne.

Baffa Direba: Maman Ikram, maƙwabcina an yi masa lezar amma ganin bai dawo ba. Kuɗi kawai aka ci.

Sista Asibiti: Baffa, ba a yin leza don a dawo da ganin da ya tafi, don a tsare wanda ya rage ake yi. Allurar kuma ana ɗiga maganin kashe zafi tukuna, aikin 'yan mintoci ne, sai dai ba sau ɗaya ba ce, yawanci wata-wata ake maimaitawa da farko. Duk mai suga ya kamata a duba masa bayan ido sau ɗaya a shekara ko da yana gani garau, domin ɓarnar ba ta zuwa da ciwo. Kuma in suga da hawan jinin ba su daidaita ba, aikin baya zai koma.

Baffa Direba: Ke ai dole ki kare gidanku. Ni abin da idona ya gani na faɗa.

Malamin Firamare: Ita aikinta ke nan kullum, kai maƙwabci guda ka gani. An yi wa yayana allurar idon, wadda ake kira Avastin, naira dubu arba'in duk allura.

Hajiyar Gwale: Dubu arba'in a wace shekara, Malam? Mu dubu ɗari da ashirin muka biya a asibitin kuɗi, ban da hoton bayan ido.

Malamin Firamare: Hajiya, kwalba ɗaya ake raba wa mutane da yawa, shi ya sa yake sauƙi in an tara ku rana guda.

Ɗan Kurmi: Ni da jin farashin nan ma idona ya fara ganin dishi-dishi, ku kawo zogalen in fara sha.

Maman Ikram: Ba abin dariya ba ne wallahi.

Abban Nana: Na gode. Amma Kaduna fa? Akwai wanda ya san tsawon layin?

Baffa Direba: Ku bar ta ido ma, allurar suga ta insulin fa? Tun 2023 kuɗinsa ya fi ƙarfin talaka. Matata allura biyu aka rubuta mata a rana, ta mayar da shi ɗaya don kwalbar ta kai ƙarshen wata.

Sista Asibiti: Baffa, don Allah kar ta rage da kanta, wannan shi ne hanyar zuwa ga abin da ya sami Inna. Ku koma wa likitanta ya duba abin da aljihu zai ɗauka.

Hajiyar Gwale: Ko ka saya ina za ka ajiye? Unguwarmu sai a yi kwanaki ba wuta, firiji ya zama akwatin ajiye kwanuka. Nawa a leda nake ƙulle shi in jingina da gindin randa. Sista, a zafin Afrilu hakan yana riƙe shi, ko asara nake yi?