Sigina 5 na tura amma handila sau ɗaya ya tashi, ina sauran suka shiga?

Sabon shiga:
Salamu alaikum 'yan uwa, dan Allah a taimaka. Ina da ɗan furogiram na C a Ubuntu mai zare 4 (thread, wato hanyoyin aiki da ke gudana tare a cikin furogiram ɗaya), na toshe siginar SIGUSR1 (saƙon da ake tura wa furogiram mai gudana) a dukkansu yayin da suke aiki, sai na buga kill -USR1 har sau 5, da aka buɗe sai handila (lambar da na rubuta ta karɓi siginar) ya tashi sau ɗaya tak, kuma ba a zaren da nake so ba, yau wannan gobe wancan. Tun bayan la'asar nake kansa wlh har kaina ya ɗau zafi.

Tsohon hannu:
Wa alaikumus salam. Ba ɓata suka yi ba ƙanena, haka aka gina abin. Sigina na yau da kullum, daga 1 zuwa 31, ba sa bin layi, kanel (zuciyar Linux) alama ɗaya kawai yake sawa cewa akwai SIGUSR1 a jiran tsammani, to ko sau 100 ka tura alamar nan dai ɗaya ce, kamar ka tarar an kunna fitila ka ce za ka sake kunna ta. Gwada da kanka, toshe, tura, sai ka buɗe /proc/PID/status (PID lambar furogiram ɗinka ce), za ka ga ShdPnd ya koma 0000000000000200, sigina ta 10 kenan, wato SIGUSR1, tana jira. SigPnd na zaren ne shi kaɗai, ShdPnd na furogiram ɗin duka. kill a ShdPnd yake zuba kaya, kuma duk zaren da bai toshe ba yana iya ɗauka, shi ya sa kake ganin yana yawo. In zare guda kake nufi, pthread_kill.

Mai sabar:
Ƙari kan abin da yaya ya faɗa, ni na daina wahalar da handila gaba ɗaya. Ka toshe da pthread_sigmask a main KAFIN ka kira pthread_create, sabon zare yana gadon toshiyar mahaifinsa, sannan ka ware zare ɗaya ya zauna kan sigwait yana jiran siginar shikenan, a can ko printf ka ga dama ka yi, abin da a cikin handila haɗari ne. Ni SIGCHLD (siginar da ke zuwa in furogiram ɗin da ka haifar ya ƙare) ce ta koya min hankali, irin waɗannan yara uku suka mutu tare sigina ɗaya ta zo, na kira waitpid sau ɗaya, biyu suka zama zombi (sun ƙare amma ba a kwashe su ba), sai da na sa shi cikin while da WNOHANG.

Sabon shiga:
To in ina son ƙirga duk 5 ɗin fa?

Tsohon hannu:
Koma siginonin real-time da ke farawa daga SIGRTMIN, su suna bin layi kuma da sigqueue har lamba za ka haɗa musu. Amma kar ka rubuta 32 da hannu, glibc (laburaren C) ta riƙe 32 da 33 wa kanta, 34 za ka gani. Layin ma yana da iyaka, duba ulimit -i.

Sabon shiga:
Na gwada yanzu, duk 5 sun iso. Allah ya ƙara basira, bari in gyara main ɗin.