Wa ya taɓa haɗa tukunyar wuta ta mutanen Sin a gida?

Maman Walid: Assalamu alaikum jama'ar gida, shawara nake nema. Tun da Baban Walid ya dawo daga Guangzhou bakinsa bai huta ba a kan wani abinci da suka ci, wai tukunya ake ɗorawa a tsakiya tana tafasa, kowa yana tsoma namansa da ganyensa da kansa. Ranar Asabar ƙannensa za su zo da matansu, mu takwas ke nan ban da yara. Ina so in yi musu ita. Wa ya san kanta?

Ummu Hanan: Wa alaikumus salam Anti. Huoguo ke nan, wato tukunyar wuta. Shekara huɗu na yi ina karatu a Chengdu, babban birnin lardin Sichuan, kuma duk sanyi ita ke haɗa mu da ƙawaye. Ki fara tambayarsa wace iri ya ci. Idan ja ce wur, mai yana yawo a kai, baki yana zuma kamar an yi masa allurar kashe zafi, to ta Sichuan da Chongqing ce, wadda suke kira mala.

Maman Walid: Ita ce! Ya ce leɓensa har rawa ya dinga yi.

Kawu na Kwari: Kafin a kai ga girki, 'yata, ga abin da ya fi muhimmanci. Akwai haɗin romon da ake sayarwa a leda, irin na kamfanin Haidilao da wasunsu, mutum ya zuba a ruwa kawai. Kada ki saya sai kin ga waɗannan haruffa biyu a jiki: 清真. Qingzhen suke karanta shi, shi ne halal a wurinsu. Yawancin haɗin da kitsen shanu ake yi, ba ka san yadda aka yanka ba, wasu kuma ana zuba musu giyar girki. Haka curin nama da na kifi na firiza, sau da yawa akwai alade a ciki. Mu a unguwar Xiaobei da ke Guangzhou gidajen abincin Musulmi muke shiga, don gudun wannan.

Ummu Hanan: Gaskiyar Kawu ce, shi ya sa ni na fi son a haɗa romon a gida, tunda romon shi ne tushen abincin gaba ɗaya. Ga yadda nake yi wa mutum takwas.

Tun ranar Juma'a ki dafa ƙashin saniya da citta da albasa, awa uku a ƙaramar wuta, ki tace ki ajiye. Sai ki sami busasshen barkono ja cikin hannu biyu, ki cire 'ya'yan, ki jiƙa a ruwan zafi minti 20, ki tsane ki jajjaga. Kada ki soya shi a bushe, nan da nan yake ƙonewa ya yi ɗaci.

Ki narka kakiɗe kofi biyu da man gyaɗa kofi ɗaya. Ki soya albasa da citta da tafarnuwa har su yi ja, ki tsame. Ki rage wuta sosai, ki zuba barkonon da cokali uku na doubanjiang, wani kwaɓin wake ne da barkono da ake ruɓarwa, na Pixian kusa da Chengdu ya fi suna. Daga nan sai haƙuri, ki yi ta juyawa minti 30 zuwa 40, mai yana ɗan ƙyalƙyala kawai, har ya koma ja. Can wajen ƙarshe ki sa kirfa, kanumfari kaɗan, ganyen bay, da wannan ɗan itacen mai siffar tauraro, sannan huajiao cokali biyu da ɗan sukari. Idan ya kwana ya fi daɗi. Ranar Asabar sai ki zuba wannan haɗin a cikin romon ƙashin ki tafasa.

Goggo: Mene ne kuma huajiao ɗin, 'yar nan? Kar ku sa yarinya yawon neman abin da babu shi a kasuwa.

Ummu Hanan: Goggo, shi ne mai sa baki zuma. Ɓawon 'ya'yan wani itace ne, ƙanana jajaye, ƙanshinsa kamar na lemon tsami. Kalmar mala ma biyu ce: ma shi ne zumar baki, la kuma yajin barkono. Ana samunsa a manyan kantunan da 'yan Sin ke sayayya a Kano da Abuja da Legas, ko a ba masu zuwa can saƙo.

Goggo: To ai mu ma muna da fasaƙwari. Wanda ya taɓa tauna shi ya san yadda yake kashe baki.

Ummu Hanan: Wallahi kin yi daidai Goggo, dangi ɗaya ne da itacen nasu. Bambancin, mu ɓawon itacen muke dakawa a yaji, su kuma ɓawon 'ya'yan. Ƙanshin ba ɗaya ba ne, amma idan an rasa zai ɗan rufa asiri, a sa kaɗan. Haka idan babu doubanjiang, na taɓa daka daddawa da tattasai da gishiri na soya. Ba zan ce ya zama nasu ba, amma romon ya yi jiki.

Kawu na Kwari: Ni dai ban yarda da musanya huajiao ba. In babu shi farfesu kika yi, ba huoguo ba. Maman Walid, akwai saura a gidana, ki turo Walid ya karɓa.

Maman Walid: Allah ya saka da alheri Kawu. To kakiɗen nan fa, bai yi yawa ba? Surukata ba ta son maiƙo, ga kuma yara.

Ummu Hanan: Ba shan romon ake yi ba Anti, tsomawa kawai ake yi. Mutanen Chongqing da kitsen shanu suka san ta, don asalinta abincin 'yan dako ne na bakin kogin Yangtze da Jialing, suna sayen tumbi da kayan ciki masu araha su tafasa cikin yaji. Mutanen Chengdu da yawa kuwa man ganye suke sa wa, ya fi sauƙi a ciki, kina iya bin nasu da man gyaɗa zalla. Don yara da Mama, suna da tukunya mai shamaki a tsaka, yuanyang, gefe ja gefe fari. Ke ki ɗora tukwane biyu kawai, ɗaya romon ƙashi da tumatir ba yaji.

Anti Nas: Bari in sa baki ta ɓangarena. Don Allah kar a kunna gawayi a falo a rufe ƙofa, hayaƙinsa marar wari yana sumar da mutum, har kisa yana yi. In da kurfoti za a yi, a fita tsakar gida. In da ƙaramin gas ne ko risho na lantarki, a buɗe taga, a kuma ɗora a ƙasa kan tabarma inda yaro ba zai jawo ba. Sannan cokalin ɗaukar ɗanyen nama daban, na kaiwa baki daban. Kaza kuma sai ta dahu har ciki.

Maman Walid: Na riƙe Anti. Me zan jera na tsomawa?

Ummu Hanan: Naman saniya da na rago kamar kilo biyu. Ki sa a firiza awa ɗaya da rabi ya ɗan sandare, sai ki yanka da wuƙa mai kaifi, siriri kamar za ki yi kilishi. Daƙiƙa 20 zuwa 30 ya ishe shi a romo. Tumbi kuwa shi ne sarkin tukunyar, irin mai shafi-shafin nan, a wanke tas. Suna da ƙa'ida a kansa, wai sama bakwai ƙasa takwas, ka tsoma ka ɗaga na kamar daƙiƙa 15, in ya wuce haka ya zama roba. Namu na kasuwa dai ni nakan ɗan tafasa shi tukuna. Sai awara, dankali yankan faifai, kabeji, alayyahu, masara ɗanya, dafaffen ƙwan salwa. Nama ake fara sa wa, ganye daga baya don yana kwashe yaji, taliya a ƙarshe.

Kowa kuma a ba shi ɗan kwano da man riɗi da dakakkiyar tafarnuwa da lawashi. Yana sanyaya loma, yana rage zafin barkono.

Kawu na Kwari: A Beijing kuwa riɗin suke markaɗawa ya yi kauri, da shi ake cin naman rago a tukunyar tagulla mai bututu. Gidan abincin Donglaishun da ya yi fice da ita Musulmi ne ɗan ƙabilar Hui ya kafa shi a 1903. Wannan babu yaji, surukarki za ta so shi. Ki markaɗa soyayyen riɗi da ɗan ruwa da gishiri ki ajiye mata.

Goggo: A tanadi kunun aya mai sanyi ko nono, ruwa ba ya kashe yaji. Kuma su tsinkayen cin abincin nan kar a takura wa kowa, a ba mutane cokali mai yatsu da ƙaramin mataci su tsamo abinsu.

Maman Walid: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Gobe da sassafe zan aika mahauta a kawo ƙashi da kitse da tumbi. Ummu Hanan, in kina da sarari Juma'a bayan la'asar ki zo ki tsaya mini a kan suyar barkonon nan, ita ce nake tsoro.

Ummu Hanan: In sha Allah ina tafe, zan zo da sauran doubanjiang ɗina. Ki jiƙa barkonon kafin in iso.